Mai Lasifika Ba Likitan Zuciya Ba Ne

Ya 'yan'uwa, duk wanda ya ratsa kasuwannin Gummi, Anka ko Bukkuyum ya san shi: mota da lasifika a ka, kwalabe a jere, yana rantsuwa da Allah cewa jiƙonsa na wanke jijiyoyin zuciya tas. Har ya laƙaba masa suna "maganin Musulunci". Subhanallahi! Yaushe ya leƙa ƙirjin mutum?

Kada a ce muna ƙin itatuwa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da kansa ya yi wallafe-wallafe a kan ilimin magani. Bincike ya nuna cewa zoɓo, in ba a cika shi da sukari ba, yana ɗan sauke hawan jini. Haka ma tafarnuwa. Amma tsakanin "ɗan saukewa" da buɗe jijiyar da kitse ya toshe akwai tafiya mai nisa. In jini ya daina isa wani sashe na zuciya, naman wurin mutuwa yake yi cikin 'yan sa'o'i, kuma babu saiwar da ke tayar da shi.

Abin takaici ma, wasu jiƙe-jiƙen da kanwa ake haɗa su. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka danganta kunun kanwa da ciwon zuciyar da ke kama masu jego, domin gishirin cikinta na tara ruwa a jiki. Ka ga mai neman kariya ya sayo wa kansa cuta da kuɗinsa.

Mu mutanen wannan yanki ai mun fi kowa hujjar yin hattara. A 2010 gubar dalma daga niƙan duwatsun zinari ta kashe yara sama da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma. Dalma kuwa tana haddasa hawan jini ga manya. Wanda ya shaƙi wannan ƙura awon jini yake bukata, ba ƙullin garin da bai san abin da ke ciki ba.

Mafi muni shi ne mai ce wa dattijo ya watsar da ƙwayoyin asibiti wai don ya nuna tawakkali. Wallahi wannan ba tawakkali ba ne, ganganci ne, kuma za a tambaye shi wannan rai. Wanda ya ji nauyi a ƙirji yana sauka hannun hagu, ga gumi, ga sarƙewar numfashi, a kai shi asibiti a wannan sa'ar, kada a jira ranar kasuwa.