Fitila a Cikin Jiki: Baƙo Raɓa Ne

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Likitan tiyata kuwa ba abin da yake bukata kamar ya ga inda ciwon daji ya tsaya da inda lafiyayyen nama ya soma. Domin haka ne masana kimiyya suka ƙera waɗansu ƙwayoyi mitsi-mitsi waɗanda ake aunawa da nanomita, watau kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Idan aka ɗura su a jini aka haska su, sai su mayar da nasu hasken, su nuna inda cuta ta ɓuya.

Waɗanda suka fara yin suna su ne ɗigon kwantam, har Bawendi da Brus da Ekimov suka sami lambar Nobel a kansu a 2023. Haskensu ba laifi, amma da yawa daga cikinsu da kadmiyam aka yi su, ƙarfe mai guba ga ƙoda. Shi ya sa muke goyon bayan ƙwayoyin da aka haɗa da rini mai tushen kabon. Da can aibin irin wannan rini shi ne haskensa kan dushe in ya taru wuri guda. A 2001 Ben Zhong Tang da abokan aikinsa a Hong Kong suka nuna rinin da cunkoso ke ƙara wa haske, domin matsi yakan hana sassansa juyawa, ƙarfin ya fita a matsayin haske.

Duk da haka kada ƙyalli ya ruɗe mu. Ƙoda tana tace ƙwayar da ba ta wuce nanomita 6 ba; wadda ta fi haka takan maƙale a hanta da saifa. Yawancin gwaje-gwajen nan kuma a jikin ɓera aka yi su. Rinin indocyanine green, wanda Amurka ta amince da shi tun 1959, ya daɗe a hannun likitoci saboda hanta tana fitar da shi da sauri.

To, ya ku ɗalibai, da ku ma'aikatan da gobe takardun amincewa da magunguna za su biyo ta teburinku: in an kawo muku sabuwar fitila, kafin ku yaba haskenta ku tambaya ta ina za ta fita daga jiki, kuma cikin kwana nawa. Baƙo raɓa ne. Wanda ya ƙi tafiya ya zama cuta ta biyu.