Kada a sayar da tarihin Malbaza da kilo

Ƴan uwa matasa, ku yi wani ɗan gwaji a fadarku yau da dare. In an zuba shayi na biyu, ku tambayi waɗanda ke zaune: a wace shekara masana'antar siminti ta Malbaza ta fara aiki? Za ku samu wanda ya haddace ƴan ƙwallon Real Madrid har da na benci, za ku samu wanda ya san farashin naira na safe da na marece a bakin iyakar Ƙonni, amma da wuya mutum guda ya ce muku 1966. Ban ga laifinsu ba. Abin da ba a nuna ma yaro ba, ba a tuhumarsa da rashin saninsa.

To ga shi. A 1966, zamanin Diori Hamani, kamfanin SNC ya fara fitar da siminti a Malbaza. Ƙarfinsa bai wuce kusan tan dubu 40 a shekara ba, amma shekaru da dama ita kaɗai ce masana'antar siminti a faɗin Nijar. A 1998, lokacin da guguwar sayar da kamfanonin gwamnati ta taso, anka miƙa ta ga ƴan kasuwa, kamfanin Scancem na ƙasar Norwe ya shigo. A 2018 sabuwar masana'anta ta MCC ta fara aiki, mai ƙarfin kusan tan dubu 650, wato ta ninka tsohuwar fiye da sau 16. Madalla da wannan, ni ma ina murna. Tambayata ita ce: ina anka kai labarin shekaru 50 na farko? Ina hotunan, ina rajistar ma'aikata, ina tsofaffin injuna, ina muryar mutanen da sunka tsaya gaban tanderun da zafinsa ke kai digiri 1,450?

Matsayina a fili yake. Duk abin da ya rage na tsohuwar masana'antar, ƙarfe ne ko takarda, gini ne ko ramin da anka gama haƙar dutse a ciki, gadon ƙasa ne. A lissafa shi, a kare shi, a buɗe wani sashe nasa ga jama'a, ya zama wurin karatu da sana'a da wasanni ga ɗiyan Malbaza, Ƙonni, Illela, Dogarawa, Tsarnawa da mu na Bazaga. Kuma a yi shi yanzu, tun masu labarin suna da rai.

Me ya sa nike gaggawa? Saboda mun san yadda masana'anta ke mutuwa a ƙasar Hausa, kuma salon guda ne ko'ina. Za a kulle ƙofa a ce gyara za a yi. Albashin mai gadi ya tsaya. Wayoyin tagulla su fara ɓacewa, kwanon rufi ya bi su. Ranan sai ga mai wutar yankan ƙarfe, injin da anka yi shekaru 30 ana ci da shi a sare shi gunduwa-gunduwa, a ɗora a sikeli, a loda ma babbar mota. Daga ƙarshe a yanka filin fuloti-fuloti. Ku tambayi mutanen Kakuri a Kaduna: masaƙar KTL da anka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, kuma dubban ma'aikatanta sun tsufa suna jiran haƙƙinsu a gindin kango. Ku tambayi yaron Maraɗi na yau mece ce SICONIGER, matatsar man gujiya da ta tashi tun 1942, ko SONITAN ta jima, ko SONARA da anka kafa a 1962 wadda ta riƙe cinikin gujiyar ƙasa baki ɗaya. Sunaye ne da sunka ciyar da gidaje, yau sun zama kamar sunan aljanu. Ni ba na zagin ɗan gwangwan, abincinsa yake biɗa. Wanda nike tuhuma shi ne mai sa hannu a ofis, wanda ya dubi tarihin gari ya ga kilo nawa zai yi.

Na san abin da wasu za su ce, don na sha jin sa. Na farko: "Malam, mutane na fama da tsadar hatsi da rashin tsaro, kai kana zancen gidan tarihi? A ba mu aiki." Wallahi na yarda aiki ne kan gaba. Amma ku dubi lissafin da kyau. Masana'antar siminti ta zamani inji ke yin mafi yawan aikinta, ba za ta taɓa kwashe samarin jihar Tawa da ke tafiya bida Libiya, Aljeriya da Abijan ba, ko waɗanda ke kasada da ransu a kan babur da jarkokin ruwa-ruwa. Rumfa guda da anka gyara tana iya ɗaukar maƙera da masu walda, dukawa, teloli, masu ɗaukar hoto da masu haɗa fim a waya. A Gidan Tarihi na Boubou Hama a Yamai, wanda anka kafa a 1959, masu sana'ar hannu suna zaune suna aiki suna sayarwa a cikin harabar, kuma akwai ɗaki sukutum na uraniyom. In uraniyom na Arlit ya cancanci ɗaki, simintin da ya gina lakwal-lakwal da asibitocin ƙasar nan bai cancanta ba? Sayar da tsohon inji kuɗi ne na rana guda, kuma ba aljihun talaka yake shiga ba.

Na biyu: "Wannan tunanin Nasara ne." Gaskiya ne Turawa sun yi nisa a ciki. A Landan, tashar wutar Bankside da ta daina aiki a 1981 ta koma gidan zane-zane na Tate Modern a 2000. A Jamus, mahaƙar kwal ta Zollverein ta rufe a 1986, a 2001 UNESCO ta sa ta cikin gadon duniya. Kusa da Basalona, a 1973, maginin nan Ricardo Bofill ya karɓi tsohuwar masana'antar siminti, irin tamu sak, ya maida ta gida da wurin aiki. Amma mu bar Turai. A Tamale, arewacin Gana, inda Hausa ke yawo a zango kamar a Ƙonni, mai fasaha Ibrahim Mahama ya sayi wani rumbun siminti da anka fara tun zamanin Nkrumah anka watsar, ya maida shi cibiyar al'adu. Ya kwaso tsofaffin jiragen sama da taragun jirgin ƙasa ya ajiye, yaran ƙauye suna shiga ciki suna ɗaukar darasi. Shi ma Nasara ne?

In Gana ta yi muku nisa, ku hau mota ku je Dandaji, nan cikin jiharmu. Tsohon masallacin ƙasa na garin ya tsufa, ana shirin rushe shi. Mariam Issoufou Kamara, ɗiyar Nijar, da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sunka ce a dakata. Anka gina sabon masallaci a gefe, tsohon anka gyara shi ya zama ɗakin karatu, anka kira maginan da sunka san ginin tun asali sunka sa hannu a aikin. An gama a 2018, kuma ya ci lambobin yabo a duniya. A Yama kuma, masallacin da Falke Barmu ya gina ya karɓi lambar Aga Khan tun 1986. Mu ne ke koya ma duniya yadda ake riƙon tsohon gini, sannan a ce mana ba al'adarmu ba ce? Da tsohuwar zuma ake magani, kakanninmu sunka faɗa, ba Bature ba.

Na uku, kuma wannan iyayenmu ne ke faɗinsa, don haka da ladabi nike amsawa: "Za ku buɗe wurin kiɗa da rawa, ku tara mana fitina." Baba, fasaha ta fi ganga faɗi. Akwai ɗakin karatu, akwai musabaƙa, akwai rubutun allo da zayyana, akwai kokawa, akwai wasan kwaikwayo mai faɗakarwa irin na zamanin Samariya wanda ku da kanku kunka yi. A sa malamai da hakimai da mata cikin kwamitin wurin tun ranar farko, su faɗi abin da ya dace da abin da bai dace ba. Kangon da ba kowa a ciki shi ne matattarar ƙwaya da ɓarayi. Wurin da ke da fitila da mai gadi da yara masu karatu bai taɓa zama barazana ga tarbiyya ba.

Na huɗu: "Dukiyar kamfani ce, kuma wurin na da haɗari." Haka ne, kuma ba wanda ya ce a kai yara gindin tanderu mai ci. Abin da muke roƙo ƙarami ne: inji biyu ko uku da sunka daina aiki, kwafin tsofaffin hotuna da takardu, da fili guda nesa da inda ake aiki. Muna kuma da doka, mai lamba 97-022 ta 30 ga Yuni 1997, wadda ta shafi kare gadon al'adun ƙasa. Matsalar ita ce a kanmu gado yana nufin fadar sarki, takobi da tsohon masallaci kawai. Guminmu na bayan ƴancin kai ba mu lissafa shi. Kullum muna cewa zancen ƙasa ne. To ƙasar da ke son tsayuwa da ƙafarta dole ta san yadda ta taɓa gwada tsayuwar, me ya yi kyau, me ya karye, wa ya ci riba da anka sayar.

Akwai ma abin da ya girmi masana'antar nesa ba kusa ba. Farin dutsen da ake haƙa a Malbaza a ƙarƙashin teku ya taru, shekaru miliyoyi da sunka wuce, lokacin da ruwa ya ratsa inda Sahara take yau. Irinsa ne ake haƙa a Kalambaina ta Sakkwato. A cikinsa ana tsintar ɓawon halittun ruwa da sunka zama dutse. Ka yi tunanin ɗan firamare daga Bazaga, wanda bai taɓa ganin teku ba, an ɗora masa ɗaya a tafin hannu an ce a nan garinku anka samo shi. Darasi nawa na allo zai kai wannan?

Bari in juyo kanmu, mu ƴan ƙungiyoyi, don mu ma muna da cutarmu. Kada wannan magana ta ƙare a taron kwana biyu a otal, da tuta da ruwan gora da kuɗin zama, a ɗauki hoto a watsa a Facebook, a watse. Kada kuma a yi mana bikin dare guda, a kawo mawaƙi daga Yamai, washegari wurin ya koma ma awaki. Kuma in za a ba da tarihi, a ba da shi duka. Aikin siminti ko'ina a duniya aikin ƙura ne da zafi da nauyi. A ji daga bakin lebura da matarsa, da direban da ya yi ta jigila a hanyar Yamai zuwa Damagaram, da manomin da ke maƙwabtaka da ramin dutse. Gidan tarihin da hotunan daraktoci kaɗai ke rataye a cikinsa talla ce.

Ga abin da muke nema. Hukumomin komin ɗin Malbaza da na gunduma su zauna da kamfanin a fitar da jerin abin da ya rage, a rubuce, a manna inda kowa zai gani, kuma kada a yanka ko a sayar da wani tsohon inji kafin a gama jerin. Ma'aikatar al'adu ta aiko ma'aikatanta su duba abin da ya cancanci kariyar doka. Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa, wadda ke ɗauke da sunan masanin tarihin Adar, ta tura ɗalibai su rubuta kundinsu a kan wannan. Kamfanin kuma, wanda ke cin arzikin dutsen yankin, ya ɗauki nauyin rufi da wuta na rumfa guda. Buhunan siminti nawa ne wannan a wurinsa?

Sauran aikin namu ne, kuma ba ya buƙatar izinin kowa. Wanda ya shiga aiki a 1966 yana ɗan shekara 20, yau yana bakin 80. Kowace damina muna rasa wasu. In akwai irinsu a gidanku ko unguwarku, ka je ka gaishe shi, ka nemi yardarsa, ka kunna rikodar wayarka. Tambaye shi ranar da ya fara, nawa ne albashinsa na farko, wa ya koya masa aiki, me ya gani ranar da anka ce an sayar da kamfani. In yana da tsohon kati ko hoto, ka ɗauka da waya ka maida masa abinsa. Ku turo muna ta saƙon wannan shafi, da sunan gari da shekarun da ya yi aiki. Za mu tara, mu kai ma hukuma da hannunmu, mu ga wanda zai ce babu tarihin da za a adana.