RA'AYINMU: Gajeren Kwas Da Aikin Ofis

Duk wanda ya taɓa kai takarda wata ma'aikata, aka ce ya dawo gobe domin ba a ga fayil ɗinsa ba, ya dawo goben aka ce ba a buga wasiƙar ba tukuna, to ya riga ya san abin da za mu yi magana a kansa yau. Manyan sakatarori da daraktoci su ne ke sa hannu, amma kafin takarda ta isa gabansu sai ta bi ta hannun akawun rajista, da mai bugawa, da mai ajiyar fayil, da ƙaramin ma'aji mai shirya baucar biya. Idan hannun waɗannan bai faɗa ba, umurnin da babba ya bayar da safe sai ya kwana a kan tebur, wani lokaci ma ya shekara.

Magabatanmu sun gane haka tun da wuri. A shekarar 1947 aka buɗe makarantar horar da akawuna a Zariya, wadda daga baya ta bunƙasa ta zama cibiyar koyon aikin mulki da ke Kongo, ta kuma shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Sa'ad da Gwamnatin Jihar Arewa, a ƙarƙashin Sardauna, ta ɗauri aniyar cika ofisoshinta da 'ya'yan ƙasa, masu digiri ba su taka kara sun karya ba. Da gajerun kwasa-kwasai aka rufa asiri. A ɗauko yaro mai ilmin midil ko na sakandare, a koya masa tafireta da gajeren rubutun nan na Pitman da tsarin ajiye fayil, sa'an nan a gwada shi da agogo a hannu: kalma 35 ko 50 a minti ɗaya wajen bugu, kalma 80 ko 100 ko 120 wajen ɗaukar magana. A wannan jarrabawa babu alfarma, domin agogo bai san ɗan wane ba. Bayan haka Gwamnatin Tarayya ta kafa Asusun Horar da Ma'aikata, wato ITF, a 1971, da hedkwatarsa a Jos, da Hukumar Kula da Ilmin Fasaha, wato NBTE, a 1977, da hedkwatarta a Kaduna.

Yau tafireta ta koma ɗakin ajiya, ita da takardar kabon da sitensil, amma aikin yana nan, kayansa ne kawai suka sake. Tun 2004 makarantun kimiyya da fasaha suka sauya wa darasin sakatariya suna da manhaja, aka shigar da kwamfuta cikinsa dumu-dumu. Tun 2007 Gwamnatin Tarayya ta soma biyan albashi ta tsarin IPPIS, kuma tun 2015 babu mai zana jarrabawar JAMB sai a kan kwamfuta. Saboda haka abin da ake bukata ga mai neman kujerar ofis a fili yake, kuma yawancinsa ana iya koyonsa cikin wata uku zuwa shida, muddin an sami malami na ƙwarai da na'ura a gaban kowane ɗalibi. Ya iya bugu da yatsu goma ba tare da kallon madannai ba. Ya san yadda ake tsara wasiƙar gwamnati, inda lambar fayil take zama, da bambancin wasiƙa da takardar zagaye da bayanin taro. Ya iya buɗe jadawalin lissafi ya shigar da kuɗin shiga da na fita su daidaita har kwabo. Ya san yadda zai sa wa takarda suna ya ajiye ta inda wani zai same ta ranar da shi ba ya nan. Akwai kuma abin da tsofaffin sakatarori ke fifitawa a kan dukan waɗannan, wato riƙon sirri, wanda a zamanin nan da kowa ke da kyamara a aljihu ya fi dā wuya.

To, amma ba za mu ɓoye damuwarmu ba. Kusan kowane lungu na biranenmu akwai shago mai allo da ke alkawarin difloma cikin wata uku. Wasu cikinsu suna aikin kirki, Allah ya saka musu. Wasu kuwa ɗalibai goma ne a kan na'ura guda, rabin lokacin darasi kuma ana jiran wuta, ranar yaye a sha lemo a raba takarda mai ado. Uban da ya sayar da hatsinsa ya biya kuɗin bai da hanyar da zai bambance wannan da wancan, sai ranar da aka zaunar da ɗansa gaban kwamfuta a wurin neman aiki ya soma farautar haruffa da yatsa ɗaya. Hukumar NABTEB, wadda aka kafa a 1992, tana shirya jarrabawar darussan kasuwanci da na ofis, kuma muna ganin ya wajaba Ma'aikatar Ilmi ta jiha ta yi wa waɗannan makarantu rajista, ta riƙa leƙa su ba sanarwa, ta kuma hana kowace bayar da takardar da ba a gwada mai ita a waje ba.

Wani abin kunya da ba a cika ambata ba shi ne na harshenmu. Ga ɗalibi ya gama kwas a tsakiyar ƙasar Hausa, amma bai san inda zai samo ƙ da ɗ da ɓ a kan na'ura ba, har sanarwar hukuma ta fito ba a rarrabe ƙasa da kasa, ko ɗaki da daki. A zamanin tafireta akwai uzuri. Yanzu darasin yini guda ne.

Ita ma gwamnati tana da nata laifin, kuma ba ƙarami ba ne. An bar takardar shaida ta rinjayi aikin hannu, har ya zama sakatariyar da ta shekara ashirin tana gyara wa manya wasiƙunsu tana tsaye a mataki guda, alhali wanda bai iya rubuta sakin layi ba ya tsallake ta saboda digiri. Idan aka ci gaba da haka, wa zai ɓata lokacinsa ya ƙware? Muna kira ga Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta maido da gwajin aiki a aikace ga duk mai neman shiga ofis, kowace irin takarda ya riƙo, ta kuma sa sakamakon irin waɗannan kwasa-kwasai cikin abin da ake dubawa wajen ƙarin girma. Shugabannin ma'aikatu kuma su daina mai da kuɗin horo na manya kaɗai. Akawun rajista ya fi kowa bukatarsa.

Ga ɗalibai kuwa, gajeren kwas ba zai gyara wa mutum Turancin da bai koya a firamare ba, ba kuwa zai maye gurbin karatu mai zurfi ba. Amma a 2022 yajin aikin malaman jami'a ya zaunar da ku a gida wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, lokacin da ya isa a gama irin wannan kwas har sau biyu. Wanda zai shiga, kafin ya biya ko sisi, ya je ya ƙirga na'urorin da ke aiki, ya tambayi wace hukuma ce ke shirya jarrabawar, ya kuma nemi ganin wani da ya gama a can yana bugu a gabansa.