Caca a waya: Batun da 'yan Kebbi mazauna ƙetare ke tsallakewa

Duk ƙarshen mako, 'yan asalin Jihar Kebbi da ke zaune a Landan ko Manchester sukan haɗu a falon ɗayansu, ko su kira juna a waya, a baje kolin matsalolin gida. Ana taɓa ruwan famfo da wutar lantarki a Gesse, a koma kan tsadar taki a fadamun Argungu, a ƙare da wanda ya cancanci kujera a 2027. Ba su da ƙuri'a, domin dokar Najeriya ba ta ba mazauna ƙetare damar yin zaɓe daga inda suke ba. Amma ana jin maganarsu, saboda aljihunsu na ciyar da gidaje. Alƙaluman Bankin Duniya sun nuna 'yan Najeriya na aiko da kusan dala biliyan 20 gida a shekara.

Akwai batu guda da ba kasafai ake ɗauko shi a irin wannan zama ba, wato caca. Dalilin ba ɓoyayye ba ne, kunya ce. Ba kowa ne ke yi ba, amma mutumin da ya kwashe mako yana aikin dare, ba kawu ba limamin unguwa da zai gan shi, yana iya samun kansa a gidan caca daren Asabar da sunan kashe kaɗaici. Washegari kuma shi ne kan gaba wajen zagin 'yan siyasa kan almubazzaranci.

Lissafin gidan caca ba ya buƙatar digiri. Faifan rulet irin na Turai yana da gurbi 37, amma wanda ya ci lamba ɗaya ninki 35 ake biyan sa. Wannan ɗan giɓi, kimanin kashi 2.7 cikin ɗari, shi ne abincin mai gida. Ɗan wasa na iya ci yau, ya sake ci gobe, amma in zama ya yi tsawo sai kuɗin sun koma inda aka tsara su koma. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sanya jarabar caca cikin jerin cututtuka.

A Birnin Kebbi ba sai an gina irin wannan gida ba. Yana cikin aljihun duk matashin da ke da waya da data. Kamfanoni irin su Bet9ja da SportyBet suna karɓar kuɗi ta intanet, ba ruwansu da ko mai wasan yana Legas ko yana zaune a gidan kallon ƙwallo a Gesse. Kebbi na cikin jihohin da suka rungumi shari'ar Musulunci tun 2000, kuma haramcin caca a fili yake a surar Ma'ida. Sai dai Hisba na iya garƙame shago, ba ta iya garƙame waya.

A ranar 22 ga Nuwamba, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Jihar Legas ta jagoranta tun 2008, inda ta ce dokar caca ta ƙasa ta 2005 ba ta da hurumi a jihohi. Ma'ana, kowace jiha ce ke da ikon tsara harkar ko hana ta a ƙasarta. Hisbar Kano ba ta ɓata lokaci ba, nan take ta ce za ta koma rufe shagunan caca. Hukuncin ya ɗora wa Majalisar Dokokin Kebbi mai mambobi 24 irin wannan nauyi, kuma babu sauran fakewa da cewa lamarin na Abuja ne.

A nan ne mazauna ƙetare ke da abin faɗa wanda na gida ba su da shi, domin sun ga yadda ƙasar da ta halatta caca ke fama da ita. Birtaniya ta rage mafi girman abin da ake zubawa a wasu na'urorin shagunan caca daga fam 100 zuwa fam 2 a 2019. A 2020 ta hana yin caca da katin bashi na banki. Akwai kuma tsarin GAMSTOP, wanda mutum ke sa sunansa da kansa a toshe masa duk shafukan caca masu lasisi. Ƙungiyoyin gasar Firimiya, wadda matasan Kebbi ke hana idonsu barci a kanta, sun amince su cire tallan caca daga ƙirjin rigunansu bayan kakar 2025/26.

Ba ana cewa Kebbi ta kwaikwayi Birtaniya ba ne, addini da al'ada sun bambanta. Abin lura shi ne Turawan sun bi hanyar kuɗi da hanyar talla, ba ƙofar shago kaɗai ba. Duk dokar da jiha za ta yi, in ba ta taɓa tallan da ke shigowa waya da rediyo ba, in ba ta nemi haɗin kan bankuna da masu POS ba, in kuma ba ta tanadi inda wanda jarabar ta kama zai nemi taimako ba tare da an tona masa asiri ba, to kame yara kawai za ta ƙare da shi.

Su ma masu aiko da kuɗin abin ya shafe su kai tsaye. Fam ɗin da aka turo don sayen fetur na injin ban-ruwa a noman rani, ko kuɗin makarantar ƙanwa, ta asusun wani ƙane yake bi, kuma a wayar da saƙon banki ya shigo, a nan manhajar caca take. Ƙungiyoyin 'yan Kebbi da ke ƙetare sun iya tara gudunmawa in ambaliya ta ci gonaki a kwarin Rima. Za su iya rubuta wa majalisar jiha takarda guda, su nemi a kira zaman jin ra'ayin jama'a kan caca ta intanet, da malamai, iyaye da masu gidajen kallo a zauren.