Sauron Ƙasar Ƙanƙara Da Darasin Da Ke Cikinsa

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, domin in ja hankalin 'yan'uwa masu karatu kan wani al'amari da ke faruwa can ƙuryar arewacin duniya.

Da yawa daga cikinmu mun ɗauka sauro kayan ƙasar zafi ne kawai. To, ba haka ba ne. A arewacin Kanada da jihar Alaska ta Amurka, inda ƙanƙara ke rufe ƙasa fiye da rabin shekara, da zarar ta narke sai ko'ina ya zama kududdufi, sauro ya tashi kamar hayaƙi. Mutanen asalin wurin, wato ƙabilu irin su Inuwit da Kiri, maharba ne da masunta, kuma a wannan gajeren lokacin ɗumi suna fita neman abinci. Don haka su da sauro kullum suna tare.

Wannan sauro ba ya ɗauke da maleriya. Abin da yake ɗauke da shi wasu ƙwayoyin cuta ne da ake kira bairos, waɗanda maganin maleriya ba ya taɓa su. Biyu sun fi suna. Na farko shi ne bairos ɗin zomon ƙanƙara, wanda aka fara ganowa a jinin wani zomon daji a jihar Montana a 1958. Na biyu shi ne na Jemston, wanda aka samu a jikin sauro kusa da wani gari mai wannan suna a jihar Kolorado a 1961, kuma barewa ce babbar ma'ajiyarsa. Sauro ya ciji dabba, ya zo ya ciji mutum, shi ke nan. Abin mamaki, uwar sauro tana iya zuba cutar cikin ƙwanta, ƙwan ya kwana ƙarƙashin ƙanƙara har hunturu ya wuce, sannan ya ƙyanƙyashe da cutarsa a jiki.

Yawancin waɗanda aka ciza ba sa jin komai, ko kuwa su yi ɗan zazzaɓi da ciwon kai su warke. Amma a jikin wasu 'yan kaɗan cutar takan hau ƙwaƙwalwa ta kumbura ta, ko ta zo da alamu irin na sanƙarau. Har yau babu allurar rigakafinta, babu kuma maganinta na musamman, sai dai jinya.

Ga inda gizo ke saƙar. Idan aka duba littafin asibiti, sai a ga kamar cutar ba ta da yawa. Amma jinin mutum yana riƙe shaidar duk cutar da ya taɓa yaƙa. Wani bincike da aka buga a 2019 kan jinin mutanen Alaska ya nuna fiye da mutum 1 cikin 4 na waɗanda aka gwada sun taɓa haɗuwa da wannan dangin bairos. An kuma sami irin wannan shaida a jinin 'yan ƙabilar Kiri na arewacin lardin Kubek. Ashe cutar tana nan, ƙidayarta ce babu.

Me ya jawo haka? Nisa da rashin awo. A yankin Nunabut, ƙasar Inuwit, babu titin mota da ya haɗa gari da gari. Yawancin garuruwan ƙaramar shan-magani ce gare su, idan ciwo ya yi tsanani sai jirgin sama ya ɗauki mara lafiya. Gwajin tabbatar da waɗannan cututtuka kuwa a babban ɗakin awo na birnin Winifeg ake yin sa, can nesa a kudu. Wa zai aika jini wannan uwa duniya saboda zazzaɓin kwana uku?

Yanzu kuma ɗumamar yanayi ta ƙara dagula lissafi. Masana sun nuna a 2022 cewa tun daga 1979 ƙuryar arewa tana ɗumama kusan ninki huɗu na sauran duniya. Ƙanƙara tana narkewa da wuri, sauro yana fitowa da wuri, barewar kudu tana ƙara matsawa arewa. Kuma cuta ba ta neman fasfo. Bairos ɗin Yammacin Nilu, wanda aka fara gani a Yuganda a 1937, ya ɓulla a birnin Niyok a 1999, ya kama mutane a Kanada a 2002, a 2007 kuwa ya kwantar da fiye da mutum 2,000 a ƙasar.

A ganina, ce wa maharbi ya zauna a ɗaki don gudun sauro zancen banza ne, tunda abincin kanti a can tsadarsa ta fi ƙarfin talaka. Abin da ya kamata hukumominsu su yi shi ne su kai awo kusa da jama'a, su sanar da ma'aikatan jinya cewa cutar tana nan, su kuma saurari maharba, domin su ne ke fara ganin canji a jeji.

Jama'a, idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu ma nan duk zazzaɓi sunansa maleriya, sai a ruga kemis a sayi ƙwaya. Alhali a 2016 zazzaɓin Rift Bali, wanda sauro ke yaɗawa tsakanin dabbobi, ya kashe makiyaya a jihar Tawa ta Nijar, a 2023 kuma an tabbatar da zazzaɓin dengi a jihar Sakkwato. Dukansu bairos ne. Saboda haka a riƙa yin gwaji kafin a sha magani. Idan gwaji ya ce ba maleriya ba ce kuma zazzaɓi ya ƙi sauka, a koma asibiti a faɗa wa likita. A kai yara allurar shawara, a rufe randa da tulu, a zubar da ruwan da ya kwanta cikin gwangwani da tsohuwar taya, a kwana cikin gidan sauro.

Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.

Wassalam,
Naku mai karatu a kullum,
daga Bakin Kasuwa, Funtuwa.