Wa Zai Ɗauki Daron?

Ɗan'uwa mai karatu, sunan da Littafi Mai Tsarki ya ba masu bin Yesu a harshenmu shi ne almajirai. Kai da ka tashi a ƙasar Kazaure ba sai an fassara maka wannan kalma ba. Ka ga almajiri da asuba yana ɗebo wa malaminsa ruwa, da damina yana duƙe a gonar malam, da dare kuma ga shi bakin wuta da allonsa. Ba wanda ya taɓa shimfiɗa masa darduma. Mu kuwa mun karɓi sunan, mun ajiye aikin.

A wani taron ikilisiya da na halarta, wani dattijo ya tashi ya fita cikin fushi domin an kira sunansa ba a haɗa da muƙaminsa ba. Mutum uku aka tura su ba shi haƙuri. A ranar nan aka nemi wanda zai wanke makewayin baƙi, aka rasa, sai wata gwauruwa daga Zumuntar Mata. Ina cikin ukun da suka tafi lallashi, ban kuwa manta kunyar ba.

Buɗe Yahaya sura 13. Mai bisharar ya fara shaida mana cewa Yesu ya san Uba ya danƙa masa kome, sa'an nan ya nuna shi yana tuɓe mayafi, yana zuba ruwa a daro. Da sanin girmansa ya durƙusa. Ƙafafun kuma ba na tsarkaka ba ne: akwai na Bitrus da zai yi musun saninsa kafin carar zakara, akwai na Yahuza da ya riga ya yi ciniki a kansa. Luka 22 ta ƙara mana cewa a wannan daren almajiran suna gardamar wane ne babba. Gardamar nan ba ta mutu ba, kwat da wuyan fasto kawai ta sa.

Za ka ce ai 1 Timoti 5 ta umarta a girmama dattawa. Gaskiya ne. Amma ka karanta ayar har ƙarshe, ka ga masu fama da wa'azi da koyarwa ta fi nufi. Girma bin wahala yake yi, kamar yadda girbi ke bin noma.

Mun kuma manta ta ƙofar da bishara ta shigo ƙasar nan. A shekarun 1930 ba da lasifika SIM ta samu wurin zama ba, sai da jinyar kutare, a Yadakunya ta Kano, da Babbar Ruga ta Katsina, da Amanawa ta Sakkwato. 'Yan ƙasa ne suka wanke yawancin gyambunan nan, waɗanda yau ba majami'ar da ke ɗauke da sunansu. Makarantar da aka buɗe wa yara a Roni daga wannan tushe ta fito, haka ma asibitin ido na Kano a 1943.

Yau a ƙauyukan Gwiwa da Babura akwai masu bishara da ke noma da hannunsu domin su ci, suna bin rairayi da keke zuwa wurin mutum goma. In sun zo taro, a benci na baya muke zaunar da su, abincinsu kuma sai manyan baƙi sun ƙoshi. Taro na gaba in ya zo, ka duba inda aka ajiye tsintsiya da bokiti tun kafin ka nemi kujerar da aka manna wa sunanka.