Gumakan Noma Na Girkawa Da Rumawa

A wannan mako za mu waiwayi ƙasashen Girka da Rum na zamanin da, domin mu ga yadda tsoron yunwa ya durƙusar da mutane masu hikima da iya mulki a gaban gumaka. Duk wanda ya bi jerin gumakansu na noma zai tarar kowane ɗaya daga cikinsu wata fargaba ce ta manomi aka laƙaba wa suna.

Girkawa sun ɗauki Dimita a matsayin uwar hatsi. A tatsuniyarsu, wai Hadis, sarkin ƙarƙashin ƙasa, ya sace mata 'yarta Fasifoni, ita kuwa don baƙin ciki ta hana ƙasa tsiro har mutane suka kusa ƙarewa. Da aka yi sulhu, sai aka tarar yarinyar ta riga ta ci ƙwayar rumman a can, saboda haka tilas ta riƙa komawa wurin mijin sulusin kowace shekara. Da wannan labari suke fassara watannin da gona ba ta ba da kome. A garin Ilusis, kusa da Atina, an shafe fiye da shekara 1,000 ana yi wa uwa da 'yar bukin asiri.

Su kuwa Rumawa rarraba aikin suka yi, kamar yadda ake raba sarautu a fada. Seris ke riƙe da hatsi, Konsus ke tsaron abin da aka adana a rumbu, Satun kuma aka danganta shi da shuka, har ma a ɗakin tsafinsa suke ajiye baitulmalin ƙasa. Mafi ban mamaki shi ne Robigus, gunkin tsatsar alkama, watau cutar nan da ke mai da ganye ja. Ran 25 ga Afrilu na kowace shekara sukan yanka masa kare, wai don ya ƙyale musu gonaki.

To, amma ko su Rumawan sun gane yanka kaɗai ba ya cika tukunya. Ɗakin Seris, wanda tarihinsu ya ce an keɓe shi a shekara ta 493 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.) bayan wata yunwa, ya zama matattarar talakawan birni da wakilansu. A shekara ta 123 kafin haihuwarsa, Gayus Girakus ya kafa dokar sayar wa 'yan ƙasa alkama a kan farashi mai rahusa, a ta 58 kuwa aka mai da rabon kyauta. A zamanin Sarki Agustus, kimanin mutum 200,000 ke karɓar rabo, kuma jiragen ruwa na ta jigilar hatsi daga Masar. Sarakunansu sun san cewa birnin da ya kwana da yunwa ba ya wayar gari da biyayya.

A shekara ta 392 Miladiyya Sarki Tiyodosiyus ya haramta bautar gumaka a daular. Gumakan sun tafi, tsatsa kuwa tana nan. Sai da ilmi ya ci gaba aka tabbatar cewa wani irin naman gwari ne mai ƙananan ƙwayoyi da iska ke yaɗawa. Masani Norman Borlaug, wanda ya fara aiki a Meziko a 1944, ya fitar da irin alkama mai jure mata, aka ba shi kyautar Nobel a 1970. Duk da haka, a 1999 an tabbatar da ɓullar wani sabon nau'inta a Uganda, masana suka sake ɗaura ɗamara.

Abin lura a nan shi ne, arziki na Allah ne, amma Ya umurci bawa da neman sababi. Iri mai kyau, rumbu mai tsaro da rabo na adalci su ne makaman yaƙi da yunwa, kuma da ma Hausawa sun ce da ruwan ciki akan ja na rijiya. Allah Ya ba mu damina mai albarka. Sai mako mai zuwa.